Wasiƙa Zuwa Oklahoma: Jiniyarku da Hadarinmu

Argungu, Jihar Kebbi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya baƙunta? Nan duk lafiya lau, sai zafin bazara da ke ta gasa mu. Inna tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko kana samun abinci mai riƙe ciki.

Saƙonka ya iso. Na yi dariya da labarin jiniyar da ta firgita ka ranar Asabar da tsakar rana, ka fito ba takalmi, ashe gwaji ne kawai da suka saba yi. Amma da na bi labarin garin Moore da ke maƙwabtaka da ku, dariyar ta tsaya. Ranar 20 ga Mayu, 2013, mahaukaciyar guguwa ta ratsa garin ta kashe mutum 24, har da yara bakwai a wata makarantar firamare. A ma'auninsu ta kai EF5, matakin ƙoli, iskar da ke wuce kilomita 320 a awa. Saboda haka don Allah, in jiniyar ta yi kuka ba ranar gwaji ba, kada ka tsaya ɗaukar bidiyo. Ka sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa, in babu ka shige ɗakin tsakiya marar taga. Na san halinka.

Abin da ya burge ni shi ne yadda suka raba gargaɗin gida biyu. Na farko tun da sauran sa'o'i, cewa yanayi ya haɗu, kowa ya zauna cikin shiri. Na biyu kuma an gan ta da ido ko na'urar rada ta hango iska tana juyawa cikin gajimare, nan fa sai gudu, galibi abin da ya rage bai wuce kwata na awa ba. Amurka na ganin irin wannan guguwa sama da 1,000 a shekara, kai kuma ka je ka zauna daidai inda iska mai ɗumi da laima daga Tekun Meziko ke karo da busasshiyar iska mai sanyi daga arewa. Cibiyar da ke hasashen guguwar ƙasar gaba ɗaya ma a Norman take, garinku. Ka iya zaɓen wuri!

Mu nan jiniyarmu ido ne da hanci. Shamuwa ta riga ta sauka, gawo ya fara zubar da ganye, iska ta juyo daga kudu maso yamma, dare ya yi nauyi har tabarma na manne wa mutum a baya. Shekaranjiya da la'asar sakaliya hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, ƙasansa ja saboda ƙura. Ka san yadda yake yi. Garin ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi. Can sai wata iska mai sanyi ta bugo, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wannan sanyin shi ne sanarwar: ruwan da ke zuba a can nesa ne ke sanyaya iska, ta faɗo ƙasa da nauyi ta bazu gaban hadarin tana kwasar ƙura. Daga jin ta zuwa isowar abin, 'yan mintuna ne. Mata suka hau kwashe shanya, masu tireda suka ja ƙyaure, 'yan kabu-kabu suka watse. Wani dattijo a layinmu bai nemi komai ba sai akuyarsa.

Ruwan bai taka kara ya karya ba, ko shuka ba a yi da shi ba. Iskar ce ta yi aiki. Da gari ya waye, kwanon wani sabon gida yana kwance a bayan masallaci, ya naɗe kamar tabarma, katakon yana manne da shi. Na tsaya na duba da kyau. Ƙusoshin ba su saki ba ko ɗaya, rufin ne gaba ɗaya aka ɗora bisa bulo ba a ɗaure shi da rodi ba. Tsofaffin ɗakunan da aka yi wa rawani, ko aka danne kwanonsu da duwatsu, ba abin da ya same su. Ni a ganina rabin ɓarnar iskar farkon damina ba ƙarfin iska ba ne, kuɗin waya da rodi ne da aka so a rage. Yanzu kowa na son rufi mai tsini da baki a waje don ado, iska kuwa ta samu wurin kamawa.

Sai dai ka san ba iska ce babbar damuwarmu ba, ruwa ne. Ku ana ba ku mintuna kuna tsira, mu ana ba mu watanni. Tun farkon shekara NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ke fitar da hasashen damina, NIHSA mai lura da ruwan koguna ta biyo da jerin wuraren da ake fargabar ambaliya, rediyo ya faɗa da Hausa. Kowa ya ji. To, ka ce wa manomin da ya ci bashin taki kada ya shuka shinkafa a fadama, ina zai shuka? A 2020 muna gani ruwa ya shanye shinkafa daga Augie da nan Argungu har Birnin Kebbi da Bunza, ana shiga gona da kwalekwale. Kuma ruwan da ke cin mu ba lalle a kanmu ya sauka ba. Malka ta zuba a Zamfara da Sakkwato, madatsun ruwan Bakolori da Goronyo su cika, sai ya gangaro mana sama tana tas. A 2024 mutanen Gummi suka ga nasu. Jiniya tana da amfani ne ga wanda yake da inda zai gudu, shinkafa kuwa ba ta gudu.

Wani abu da na karanta ya ba ni mamaki: irin hadarin nan da ke wuce mu ya nufi yamma, wani yakan ƙetare Senegal ya faɗa Tekun Atlantika, ya girma ya zama guguwar teku da ke dukan gaɓar Amurka. Ba irin taku ta Oklahoma ba ce, amma dai in ka ji an ambaci wata a labarai, wataƙila ta bi ta kan koginmu na Matan Fada. Ka tambayar mini malamanku yadda abin yake.

Maganar ɗakin Inna kuma, na kai kafinta ya duba. Azara biyu sun ci, indararo ya tsage, bangon gabas na son yaɓe. Ya ce a yi kafin ruwa ya zauna, in ba haka ba sai kaka. Zan turo maka lissafin, ka ga abin da ya sawwaƙa. Na ce masa a ɗaure rufin da rodi ko nawa ne.

Ka gaida 'yan uwa da ke can. Allah ya tsare, ya ba da sa'ar jarrabawa.

Wassalam,
Naka amini