Wasiƙa daga Garwa a kan kuɗin cefane

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya ruwan Yawunde? Mu nan Garwa sai godiyar Allah. Ruwa ya ɗauke, an shiga kaka, buhunan masara sun fara shigowa gari.

Saƙonka ya same ni, kuma tun ranar maganar take ci mini rai. Ka ce tun da ka ɗauko iyali albashi ba ya kai ka ashirin ga wata, sauran kwanakin sai bashin mai kanti. Kada ka ɗora laifin a kanka ko a kan maiɗakinka. Litar fetur da muka sani sefa 630 a nan Kamaru ta koma 730 a Fabrairun 2023, da shekara ta zagayo ta koma 840. Mu nan da muke dogaro da man da ake shigowa da shi daga Nijeriya, shi ma ya yi tsada tun da suka cire tallafi a Mayun 2023. Duk abin da mota take ɗaukowa ya tashi, albashi kuwa yana nan yana jan ƙafa.

Tunda ka tambayi yadda muke yi, ga shi. Ranar da kuɗi ya shigo hannuna, kafin in biya kowa ban da mai gidan haya, hatsi nake fara saye. Masara, wake, gishiri, man girki, sabulu. In waɗannan suna ɗaki, ko aljihu ya bushe tukunya za ta hau wuta. Abin da ya rage sai mu zauna da uwargida mu raba shi mako-mako, kowane kaso a ƙulle daban, ba a taɓa na gaba sai na baya ya ƙare. Wannan zaman da ita shi ne ginshiƙin abin, wallahi. Ita ta san kwana nawa kwanon gari yake yi, ita ta san wace mai kayan miya ce take cika hannu. Ka gaya wa taka gaskiyar abin da kake samu, za ka ga dabarar da ba ka zata ba.

Yanzu da kaya suke da araha nake ƙoƙarin ajiye na Yuli da Agusta, watannin da rumbu yake ƙarewa, sabo bai nuna ba, ga kuɗin makarantar yara yana jira a Satumba. Kuɗin adashina na bana duk a kasuwar ranar Lahadi ta Pitowa, wani gari kusa da Garwa, zai ƙare. Muna haɗa kuɗi da maƙwabta biyu mu sayi buhu mu raba, ya fi awon kullum sauƙi nesa ba kusa ba. Kai ma ka nemi 'yan'uwa a unguwar Birketeri ta Yawunde ku yi haka, ba za a rasa masu irin damuwarka ba. Sai dai wake yana son kula. Ka shanya shi ya bushe ƙarau, ka ɗura a jarka mai tsabta har wuya, ka ɗaure baki yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwari ba za su yi masa komai ba.

Batun abin da za a ci kuwa, tun daren Juma'a muke tsara na mako. Da dare tuwon masara ne kusan kullum, miya ce take canzawa: yau kuka, gobe busasshiyar kuɓewa, jibi yakuwa da gyaɗa, wata rana lalo ko tafasa. Uwargida takan tuƙa tuwon da ɗan yawa don a samu ɗumame da safe. Ka lissafa abin da burodi da madara da sukari suke ci maka a wata, za ka riƙe baki. Ranar da babu ɗumame, kunun gyaɗa da ƙosai. Da rana wake da shinkafa, ko ɗanwake, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Shinkafa zalla sai Juma'a. Waken kuma tun dare ake jiƙa shi, a jefa 'yar kanwa, gawayin da zai ci ya ragu sosai.

Nama mun rage shi, ba zan ɓoye maka ba. Bandar kifin tafkin Lagdo muke saya, a daka biyu ko uku da daddawa da albasa, ƙamshin miyar har ƙofar gida. Wake da gyaɗa da kifi suna riƙe jikin yara, kada ka ji kamar ka tauye musu haƙƙi don ba su ga tsoka kullum ba. In Allah ya hore, ranar Juma'a a sayi ƙashi a sa a miya. Mai kuwa da ludayi ake auna shi, ba a tuttula daga kwalba. Lokacin da tumatir ya yi banza a kasuwa, uwargida takan yanka ta shanya a kan tabarma, da kuɓewa da barkono, su kai mu har damina.

Abin da na fi roƙonka shi ne ka rufe littafin mai kanti. Bashin nan yana cinye albashin tun kafin ya iso, kuma mai karɓar bashi ba ya iya taya kaya, abin da aka ce shi zai biya. Ka je ka same shi ku yi magana ta mutunci, ka riƙa rage masa kaɗan-kaɗan duk wata, sabon saye kuma da kuɗi hannu. Wata biyun farko za ku ji jiki. Ka riƙa zuwa kasuwar Mokolo da yamma, lokacin da masu ganye da tumatir suke neman rabuwa da kayansu, da takarda a hannu, abin da ba a rubuta ba kada ka saya.

Na san kuka da daddawar kirki suna tsada a can. Uwargida ta haɗa muku ƙunshi, da busasshiyar kuɓewa da ƙuli-ƙuli da 'yar banda. Ƙanena zai tafi Ngaundare mako mai zuwa, daga can ya hau jirgin ƙasa, zan ba shi lambarka ya kira ka in ya sauka. Ka rubuto mini yawan bashin da ya taru da abin da kake biya na haya, mu duba tare mu ga ta inda za a fara.

Ka gaida maiɗakinka da yara. Inna tana gaishe ka, ta ce ka zo Sallah.

Naka,
amininka na Garwa