Wasiƙa zuwa Kumasi kan ruwan da ke kwana a gidan gaba

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya ƙoƙari, yaya kasuwa? Mu nan Kano sai godiya. Marka ce ta kama tun shigowar Agusta, wani lokaci sai a kwana a wuni ana yayyafi, amma gero ya yi kyau ƙwarai, Allah ya kai mu kaka lafiya.

Na saurari saƙon muryar da ka aiko har sau uku. Wurin da ka ce kullum da safe sai ka tarar da ruwa kwance ƙarƙashin birki da kuloci, ga wani wari da ya ƙi fita daga motar, shi ya hana ni amsa maka a gurguje. Na ga gara in zauna in rubuta, don abin da ke damun tsohuwar Hilux ɗinka shi ya cinye mini damina guda cur da akori-kurata. Ka dai san ta, 504 ɗin nan haɗin Kaduna, daga masana'antar Peugeot da aka buɗe a Kakuri a 1975. Har yau ita ke ɗauko mini buhuna daga Dawanau, ita ke ciyar da gidana, shi ya sa ban ɗauki maganar yoyonta da wasa ba. Kai ma kada ka ɗauki taka da wasa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a saƙonka shi ne da ka ce za ka sa a zagaye gilashin gaba da gam. Don Allah dakata. Ni ma da haka na fara. Wani yaro a bakin titi ya dubi motar, ko bokitin ruwa bai ɗebo ba, ya ce gilashi ne. Ya matse bututu guda na silikon, irin wanda ake liƙe tagar ɗaki da shi, ya shafe robar tun daga sama har ƙasa. Ruwan farko da aka yi bayan haka, ƙafata ta sake jiƙewa kamar ba a taɓa komai ba. Daga baya wani dattijo mai gyaran bodi ya ce in shinshina ragowar bututun. Tsami yake yi kamar ruwan kal. Irin wannan silikon yana fitar da sinadari mai tsami lokacin da yake bushewa, kuma tsamin yana cin ƙarfe duk inda fenti ya ɗaye. Ga shi fenti ba ya kama shi, ga shi in ya ɗan saki sai ya riƙe ruwa a bayansa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Dattijon nan ne ya gaya mini maganar da ta warware komai. Ya ce inda ruwa ya ɗiga daban, inda ya shigo daban. Kamar rufin soro ne: tsagar tana kusurwar gabas, ɗigon yana faɗowa tsakar ɗaki, don ruwan ya bi azara ya yi tafiyarsa. A mota kuwa waya yake bi, ya bi haɗin ƙarfe, ya bi bayan dashbod, sannan ya sauko inda ya fi gangare. Saboda haka kafin ka sayi komai, sai ka kama shi yana shigowa, ka gan shi da idonka.

Amma tukuna ka tabbatar ruwan sama ne. Dangwala da yatsa ka murza. Idan yana da santsi, da launi kore ko ja, da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, to ruwan lagireto ne ke tsiyayowa daga hitar da ke bayan dashbod, kuma za ka ga lagireton na yawan neman ƙari. Idan motar na da na'urar sanyaya iska, kuma ruwan na taruwa ko ranar da ba a yi hadari ba, bututun da ke zubar da gumin na'urar ne ya toshe. Ruwan sama shi garau yake, kuma sai an yi ruwa ko an wanke mota yake bayyana.

Ni ranar wata Lahadi na yi aikin, da babban ɗana. Muka kwance kujerar, muka ɗaga shimfiɗar roba. Wallahi abin da na gani ya sosa mini rai. Soson da ke ƙasa ya sha ruwa ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo, ya yi baƙi da fumfuna, ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya yi ɓawo-ɓawo ja, ina taɓawa da sukudireba yana marmashewa. Saman shimfiɗar kuwa a bushe yake mafi yawan ranaku, shi ya sa na daɗe ban san ɓarnar da ake yi mini a ɓoye ba. Muka shanya soson a rana, muka goge ƙasan tas, muka bar ƙofofin a buɗe har ya bushe ƙarau. Kada ka tsallake wannan, don a jiƙaƙƙen wuri ba za ka gane sabon ruwa da tsoho ba. Sai na barbaɗa hodar yara a kan ƙarfen, da bangon da ke raba inji da gidan gaba, da gindin ƙofofi. Ɗigo ɗaya in ya wuce sai ya ja layi a cikin hodar, kamar sawun maciji a rairayi.

Sannan na shiga ciki na kwanta rigingine, kaina a ƙarƙashin sitiyari, tocila a hannu, aka rufe ni. Yaron yana waje da tiyo. A nan ne akasarin mutane ke ɓata aikin: su fara watsa ruwa daga saman rufi da ƙarfi, ko'ina ya jiƙe, ruwa ya shigo, ba wanda ya san ta ina. Daga ƙasa ake farawa ana hawa. Ruwan kuma a hankali, kamar na sama, ba mai feshi irin na gidan wankin mota ba. In babu tiyo, buta ma ta isa. Kowane wuri a tsaya masa kamar minti 5, kada a matsa sai na ciki ya ce a matsa. Gindin ƙofa, tsakiyar ƙofa, ramin da ke gaban gilashi, kusurwoyin gilashi na ƙasa, na sama, sai rufi a ƙarshe.

A ƙofa babu abin da ya shigo. Da ya kai ramin nan da ke tsakanin bonet da gilashi, inda waifa ke zaune, sai na ji tsit na ɗan lokaci, can kuma na ji ruwa na tsiyaya ta bayan dashbod. Ramin an yi shi ne don iska ta shiga gidan gaba, kuma ruwa dole ya faɗa cikinsa, shi ya sa aka yi masa magudana a gefuna da ke zubar da shi ta bayan tayoyi. Nawa sun toshe. Shekara da shekaru ina ajiye motar a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu. Ganye da 'ya'yanta suna faɗawa, ƙurar hunturu na bin su, damina ta zo ta kwaɓa su su zama laka. Da na cire murfin na zura hannu, sai da na kwaso kusan cikin kwanon sha na baƙar taɓo. Ramin ya zama kududdufi, in ya cika sai ya malala ta hanyar iska. Na zura waya mai lanƙwasa na buɗe magudanan, na bi da ruwa har sai da na ga yana zuba garau a ƙasa. Ko kwabo ban kashe ba, rabin matsalar ta tafi. Da wannan za ka fara, don ku can itatuwa sun fi namu yawa.

Ragowar rabin ita ce mai wuya. Da tiyo ya kai kusurwar gilashi ta ƙasa, ɓangaren direba, sai ga wani siririn layi a hodar, yana saukowa daf da akwatin fiyus. A nan gabana ya faɗi, don ruwa da wayar wuta ba sa shiri, kuma na tuna yadda fitilun gaba suka riƙa ɗaukewa da kansu a wancan watan. Na ɗaga leɓen robar da yatsa, ta tsattsage, ta yi tauri kamar busasshiyar fata. Ba laifin kowa ba ne. Robar da ta sha ranar Afrilu ta Kano, zafi na haura digiri 40, shekaru sama da 20, ai ta yi ƙoƙari. A ƙarƙashinta kuma tsatsa ta huda ƙarfen, rami bai wuce ƙwayar wake ba, silikon ɗin yaron nan ya lulluɓe shi yana ajiye masa ruwa.

Wannan kam sai da aka cire gilashin. Dattijon ya kankare tsatsar har farin ƙarfe ya fito, mai walda ya cike ramin, aka goge da samfefa, aka shafa jan fenti mai hana tsatsa, aka bi da fenti, aka bar shi ya kwana. Kafin a kunna walda ka tabbata an cire kan batir, an kuma kare dashbod da jiƙaƙƙen buhu. Na samo sabuwar roba a kasuwar Ƙofar Ruwa. Da ka ga yadda ya mayar da gilashin, da ka yi sha'awa. Ya sa robar a jikin gilashin, ya cusa igiya a cikin kwarinta ta zagaye, ya shafa ruwan sabulu. Mu biyu muka danna daga waje da tafin hannu, shi yana ciki yana jan igiyar sannu-sannu, leɓen robar na hawa kan ƙarfen da kansa har ya zagayo. Idan gilashinka ba na roba ba ne, na liƙi ne, to gam ɗinsa daban, baƙi ne, ana ce masa foliyuretan. Ka nemi wanda ya iya a Suame Magazine, tunda garin makanikai guda kuke da shi a can, amma ka je masa da sanin inda ruwan ke shiga, kada ka je da tambaya.

Sauran wuraren ba su ba ni wahala ba, amma ka duba su. Ka sa takardar kuɗi a bakin ƙofa ka rufe, ka ja. Inda ta zare ba gardama, robar wurin ta mutu ko ƙofar ta sauka. Ka girgiza ƙofar, in ka ji ruwa na motsi a cikinta, ƙananan hujojin da ke gindinta ne suka toshe, tsinke ya isa. Ledar da ke bayan kwalin ƙofa ma tana da aiki, masu gyaran marikin gilashi sukan yage ta su yar, alhali ita ke hana ruwa shigowa ciki. Sai gilashin baya, da indararon da ya bi gefen rufi inda tsohon liƙi kan tsage, da gindin eriya, da duk hujin da wani ya yi a bangon inji don wuce da wayar rediyo bai toshe ba. In wani wuri ya gagare ka, ari dabarar mai faci: shafa kumfar sabulu a waje, wani ya hura iska da famfo daga ciki, inda kumfa ta taso nan ne.

Shekaranjiya aka yi ruwa tun bayan isha'i har kiran assalatu. Da na dawo daga masallaci ban shiga gida ba, motar na nufa. Na ɗaga shimfiɗar na shafa ƙarfen da tafin hannu, sai ƙura. Na daɗe tsaye a wurin ina hamdala. Yanzu na daina ajiye ta a gindin darbejiya, in kuma dole ta yi, nakan share ramin waifa duk ranar Juma'a.

Ku da kuke da damina biyu, ta biyun na nan tafe a Satumba, saboda haka 'yan makonni kawai gare ka. Ka samu rana guda ka ɗaga shimfiɗar nan, ka ɗauko mini hoton ƙasan da na kusurwoyin gilashin ka turo, mu duba tare kafin ka kai ta wurin kowa.

Mutanen gida duk suna gaishe ka. Hajiya tana ta tambaya yaushe za ka zo, ta ce goron da ka aiko da azumi ya ƙare tuni. Ka gaida uwargida da yara, da mutanen zango baki ɗaya. Allah ya tsare, ya bar zumunci.

Naka har kullum,
amininka na Kano