Wasiƙa zuwa ga abokan cinikinmu kan aikin kan bel na musamman

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, muna sanar da ku cewa shagonmu da ke kusa da kasuwar Kurmi ya fara karɓar aikin kan bel na musamman, wato wanda za a ƙera wa mutum da sunansa, ko tambarin makarantarsa, ko wani zane da ya zaɓa. Da yake tambayoyin da kuke yi mana kusan iri ɗaya ne, mun ga ya dace mu amsa su a wuri guda.

Yawancin masu zuwa da zane suke fara magana, mu kuwa da irin kan muke farawa, domin ba kowane kai ne ke ɗaukar zane ba. Mai harshe ɗaya, wanda kowa ya sani, shi ne ya fi ƙarko kuma ya fi dacewa da kayan ofis, amma firam ɗinsa siriri ne, da ƙyar yake ɗaukar harufa biyu ko uku. Mai haƙora, wanda ba ya buƙatar huda a jikin fata, yana da daɗin ɗaurawa, sai dai idan ƙarfen cikinsa ya gaji babu gyara sai canji. Mai zobe biyu da mai latsawa na bel ɗin zare ne. Wanda ya dace da aikin musamman shi ne mai faranti, mai ɗan ƙugiya a bayansa da ke shiga hudar bel, saboda fuskarsa tana da faɗi, maƙeri zai iya zaunar da dagin Arewa ko siffar Ƙofar Nassarawa a kanta ba tare da ya matse zanen ba.

Sai batun ƙarfe, kuma a nan ne ake yawan yin asara. Da yawa daga cikin kawunan da ake shigowa da su zubin tutiya ne aka shafe da ruwan ƙyalli. Suna da kyau a ido ranar saye, amma gumi da damina ɗaya sun isa su ɓare shafen, idan kuma suka karye ba sa karɓar walda. Wasu mutanen ma shafen kan sa musu ƙaiƙayi a fatar ciki. Mu tagulla muke zubawa. Maƙerin farin da muke aiki da shi yakan fara siffanta zanen da kakin zuma, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya fita, sannan ya zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Tun da sai an fasa yumɓun kafin a ciro aikin, ba a samun guda biyu da suka yi daidai ta kowace fuska. Tagulla ba ta tsatsa. Takan dusashe, amma ɗan lemon tsami da toka sun isa su dawo da haskenta. Muna yin na azurfa ga wanda ya nema, farashinsa kuwa nauyi ne ke yanke shi.

Akwai ayyukan da ba ma karɓa, kuma gara mu faɗa tun yanzu. Ba ma rubuta sunan Allah ko ayar Alƙur'ani a kan abin da za a shiga bayi da shi. Ba ma kwaikwayon tambarin soja ko na 'yan sanda, haka kuma ba ma buga tambarin wani kamfani ba da izininsa ba.

Muna roƙon duk mai son aiki ya zo da bel ɗin da zai ɗaura, domin faɗin bel ya bambanta: na ofis yakan kama daga milimita 30 zuwa 35, na wandon jins kuwa 38 zuwa 40, kuma kan da bai yi daidai da faɗin ba cinye gefen fatar yake yi. Wanda ba shi da bel, dukawanmu za su yanka masa na fatar saniya. Aikin yana ɗaukar mako uku, ana biyan rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami bayan an amince da zanen a takarda. Masu aikin angwaye da na Sallah su daure su kawo da wuri, domin maƙerin namu ɗaya ne.

Mun gode da amanar da kuke ba mu. Allah Ya bar zumunci, Ya sa albarka a kasuwa.

Naku,
Mai shago, a madadin dukkan ma'aikata
Birnin Kano