Sanarwa kan hayaniya a gidajen haya na Jamus

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙorafin hayaniyar maƙwabta ya yawaita, ga abin da ya kamata mu sani.

A Jamus, daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne, haka ma ranar Lahadi da ranakun hutu. Ku duba dokar gidanku, wato Hausordnung, domin wasu gidajen suna ƙara ƙarfe 1 zuwa 3 na rana. Mu ma mu kiyaye: daka a turmi da injin markaɗe lokacin sahur suna ratsa bene har ɗakin na ƙasa. A yi markaɗe tun da yamma, a ninka tawul ƙarƙashin turmi.

Idan maƙwabci ne ke damunku, ku fara yi masa magana cikin lalama, da rana. In bai daina ba, ku riƙa rubuta kwanan wata, lokacin farawa da ƙarewa, da irin ƙarar, kamar na sati biyu, sannan ku aika wa mai gida a rubuce. Don Allah kada ku rage kuɗin haya da kanku kafin ku tuntuɓi ƙungiyar masu haya, Mieterverein, domin in bashi ya taru mai gida na iya soke yarjejeniya. Kukan jarirai da wasan yara kuwa, kotu ba ta cika ɗaukarsu laifi ba.