Sanarwa kan rijiyar unguwa da murabus ɗin Shugaba

Assalamu alaikum ƴan uwa, iyaye da yayye.

Kowa ya sani rijiyar burtsatsen da muka yi wa karo-karo ba ta ba da ruwa ba. Injin ya ci karo da dutse, sai farar ƙura ke tashi, mai haƙar ya naɗe kayansa ya tafi. Laifinmu ne mu ƴan kwamiti: mun ƙi biyan kuɗin awon ƙasa don a rage kashe kuɗi, ga shi garin neman gira mun rasa ido.

Jiya bayan isha'i na je gidan Shugaban kwamitinmu. Na same shi a zaure, rasitai baje a kan tabarma, shayinsa ya huce bai taɓa ba. Kwana uku ke nan bai fito majalisa ba, kuma ya rubuta takardar murabus. Mu bakwai muka yanke shawarar nan, amma shi kaɗai ake kira a waya har tsakar dare, shi kaɗai ake yi wa habaici a nan. Gaskiya wannan bai yi ba.

Na tuna masa Buhari ya faɗi zaɓe a 2003 da 2007 da 2011 kafin ya ci a 2015. Ya yi murmushi ya ce ai shi Buhari ba kuɗin maƙwabtansa ya binne a rami ba.

Ban karɓi takardar ba. Za mu zauna ranar Asabar bayan la'asar a ƙofar masallaci, ma'aji zai karanta lissafi kwabo-kwabo. Mai tambaya ya zo da bakinsa. Kafin nan, don Allah a dakata da turo saƙon murya kan batun.

Sakatare