Malam Edita, ina labarin ƙwallon mata a jaridarmu?

Assalamu alaikum Malam Edita, an yi sallah lafiya, Allah ya maimaita mana.

Ni mazauniyar Jidda ce, asalina Kano, na kai shekara goma sha tara a nan Saudiyya ina ɗan ɗinkina a gida, kuma kullum bayan asuba jaridarku nake fara buɗewa a waya don in ji me ake ciki a gida. To yau ƙorafi na zo da shi, kuma na daɗe ina riƙe shi a raina, na bari ne azumi ya wuce.

Ranar Lahadi 31 ga Maris 2024, muna azumi na ashirin da ɗaya, aka buga wasan ƙarshe na kofin lig ɗin mata na Ingila tsakanin Arsenal da Chelsea a filin Molineux da ke Wolverhampton. Washegari na duba shafinku na wasanni, jibi ma na sake dubawa, ko layi ɗaya ban gani ba. Amma da ɗan wasan maza zai yi targaɗe a wajen atisaye wallahi sai mun karanta har da hotonsa.

Ni ba wai gwanar ƙwallo bace, autata ce ta jawo ni, shekararta goma sha uku kuma Arsenal take so kamar ranta. Ran nan bayan la'asar ina kicin ina naɗe sambusa, shurba na kan wuta, ta zo ta jingina wayar da gwangwanin madara tace Umma yau tare za mu kalla, ni ina zuba nama ita tana manne bakin sambusar da ƙullun fulawa amma idonta na kan waya, har guda uku ta bari a buɗe suka fashe a cikin mai. Yayanta kuwa ɗan Chelsea ne, da farko yace shi ba zai ɓata lokacinsa a kan ƙwallon mata ba, amma da Mayra Ramirez 'yar Kolambiya ta ɗaga raga sai gashi a bakin ƙofar kicin yana ihu, kafin ya gama murna aka duba na'urar VAR mai maimaita wa alƙalin wasa hoton abin da ya faru aka ce abokiyar wasanta Erin Cuthbert ta taɓa da hannu tun farko, aka soke. Daga nan bai koma falo ba, kujera ya jawo ya zauna.

Aka kira magariba babu ci, muka sha ruwa da dabino da laban, na je na yi sallah, ina idarwa kenan na ji yarinyar nan ta kwala min kira da wata irin murya. Frida Maanum ce 'yar Norway ta Arsenal ta yanke jiki ta faɗi a fili ana dab da tashi, ba wanda ya taɓa ta, ƙwallon ma ba a wajenta take ba. Malam Edita ni uwa ce, ƙirjina ya buga, nan take na manta wa ke Arsenal wa ke Chelsea, tunanina uwar yarinyar nan tana ina, tana kallo? Likitoci suka daɗe a kanta, suka sa mata iskar numfashi aka fita da ita a gadon marasa lafiya, autata tana ta hawaye abincin ma ta ture. Alhamdulillahi daga baya kulob ɗin ya sanar tana magana kuma ta samu sauƙi. A ƙarin lokaci ne, minti na 116, Stina Blackstenius 'yar Sweden ta ci, aka tashi ɗaya mai ban haushi, Arsenal ta ɗauki kofin karo na bakwai, kuma a wasan ƙarshe na 2023 ma ita ta doke Chelsea ɗin 3 da 1. Bayan an tashi har kociyar Chelsea Emma Hayes ta hankaɗe kocin Arsenal Jonas Eidevall a wajen gaisawa, ita da ke shirin barin kulob ɗin ta tafi koyar da tawagar matan Amurka. Mutum sama da dubu ashirin da ɗaya ne suka shiga filin nan. Yanzu don Allah duk wannan bai kai labari ba?

To ku ce wannan na Turawa ne, na yarda. Ina na nan kusa? 'Yan kwanaki kaɗan kafin wancan wasan, Al-Ahli ta nan Jidda ta doke Al-Shabab 3 da 2 a Riyad ta ɗauki kofin mata na hukumar ƙwallon Saudiyya, kuma shi ne karon farko da aka buga kofin. Ni da na zo ƙasar nan mace ko filin ƙwallo ba ta shiga, sai a Janairun 2018 aka buɗe mana ƙofa, darasin motsa jiki ma a makarantun mata na gwamnati sai 2017 aka amince da shi. A 2022 aka fara firimiyar mata, Al-Nassr ta ɗauka. Yanzu 'yarmu Ashleigh Plumptre ta Super Falcons tana nan garin namu tana bugawa Al-Ittihad tun 2023, kuma na san matan Hausawa da yawa a nan, har waɗanda aka haifa a nan ba su taɓa taka Najeriya ba, da suke alfahari da ita. Mun je kallo sau ɗaya ni da yarinyar da wata maƙwabciyata 'yar Damagaram, da abayoyinmu da niƙabinmu muka zauna cikin iyalai, babu wanda ya ce mana kanzil, muka yi kallonmu muka dawo gida kafin dare ya yi nisa.

Su kansu Super Falcons ɗin fa, zuwa 2024 kofin Afirka tara suka ɗauko mana, maza uku gare su. A gasar duniya ta 2023 sun doke Ostareliya mai masaukin baƙi 3 da 2, suka riƙe Ingila minti 120 ba ci sai a bugun fenariti aka fitar da su, a wasan ne ma aka ba Lauren James ta Chelsea ɗin nan jan kati da ta taka Michelle Alozie. A Afrilun 2024 kuma suka fitar da Afirka ta Kudu suka samu gurbin Olamfik na Faris, a lokacin rabonsu da zuwa tun 2008. Autata duk da Larabci da Turanci take samun waɗannan labarai, ni kuma abin da ke ci min rai kenan, ina ta fama da yaran nan su riƙe Hausa a ƙasar da ko'ina Larabci ne, ga abu ɗaya da take so wanda da za ta zauna ta karanta shi da harshen ubanta, amma babu.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba na raina maganarsu don ni ma ina da 'ya mace kuma ina tsoron Allah a kan tarbiyyarta. Maganar sutura ce da cuɗanya da maza. Ni ma ba zan yarda 'yata ta fita da gajeren wando a gaban jama'a ba. Amma tun 2014 aka halatta wa 'yan wasa rufe kai a dokar ƙwallo, kuma kowa ya ga Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar duniya da hijabinta a 2023. Autata da dogon wando da riga mai dogon hannu take bugawa, a fili mai katanga, mace ce ke koya musu, ni na ɗinka mata ɗan hijabin da ba ya zamewa in tana gudu, na sa masa roba ta ƙasan haɓa, yanzu ƙawayenta huɗu sun kawo nasu na ɗinka musu. Tunda ta fara ta daina kwana a kan waya, cin abincinta ya gyaru, kuma haddarta ba ta ja baya ba, don sharaɗin da babanta ya kafa mata kenan tun farko.

Abin da ya sa na ɗauki waya na rubuto shi ne 'yar ƙanwata da ke can gida, sa'ar autata ce, in suna hira ta bidiyo ba su da zance sai ƙwallo. Ita a soron gidansu take bugawa da ƙannenta, ran da ta ɗauki ƙwallo ta je da ita makaranta wani malami ya ƙwace ya zane ta a gaban 'yan aji yace tana so ta zama namiji, ta dawo gida ta kwana biyu ba ta magana da kowa. Ƙanwata ta kira ni tana cewa Yaya ni ban san me zan ce mata ba, ni ma na rasa ta cewa, don yarinyar nan ba rashin kunya ta yi ba, gudu take so ta yi ta yi gumi kamar kowane yaro. Ga Nasarawa Amazons can a Lafiya suna buga lig ɗin mata na Najeriya shekara da shekaru, amma ita ko sunansu ba ta taɓa ji ba, a ina za ta ji?

Roƙona Malam Edita, ku ware ko da ɗan kusurwa ne a shafin wasanni sau ɗaya a mako, ku sa mana sakamakon lig ɗin mata na gida da labarin 'yan Falcons da ke waje, in an yi babban wasa irin wancan ku ba mu shi da Hausa. Sannan ku tura wakiliyarku mace ta shiga makarantun 'yan mata na Kano da Katsina da Sakkwato ta tambayo ko akwai fili mai katanga da malama mace da za ta kula da su, in babu ta tambayi masu ruwa da tsaki dalili. Ranar da kuka fara, ni zan fara tura wa 'yar ƙanwata, kuma zan sa autata ta karanta min da bakinta.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Taku mai karatu kullum,
wata uwa daga Jidda, Saudiyya