Amsa ga ƙanena da ya tambaye ni: mi ya haɗa kamfani da dimokuraɗiyya?

Assalamu alaikum ƙanena.

Tambayar da ka jefo min a gaban jama'a ran da muka yi mahawara a rediyo ta iso, ka ce yaya kullum kana kuka da manyan kamfanoni alhali su ke kawo aiki, kuma mulki da tsaro ai aikin soja ne da 'yan siyasa, ina ruwan ɗan kasuwa? Lokaci bai ishe ni a can ba, ga amsar.

Ni ban ƙi kasuwanci ba, haba, ɗan Damagaram zai ƙi fatauci? Abin da nake tsoro shi ne kamfani guda ya riƙe abin da ƙasa ba ta iya kwana ɗaya babu shi. Unguwar da rijiyarta ɗaya ce tak, mai rijiyar ya fi mai unguwa iko ko ba a naɗa mishi rawani ba, kuma shi ba a zaɓe shi ba balle a tsige shi.

Duba uraniyom ɗinmu. Tun 1971 kamfanin SOMAÏR ke haƙa a Arlit, kamfanin Faransa ne ya riƙe rinjaye a cikinshi har 2025, sunan kamfanin Faransar ya koma Cogema, ya koma Areva, ya koma Orano a 2018 amma hannun ɗaya ne. A 1974 shugaban ƙasa Diori Hamani ya nemi a ƙara kuɗin uraniyom, cikin watan Afrilun wannan shekara soja ƙarƙashin Kountché suka kifar da shi. Akwai yunwa da fari a lokacin, gaskiya ne, su ma sun taimaka wajen faɗuwar tashi, amma har yau mutane da dama na haɗa abin biyu kuma ni ban ga laifinsu ba. To shugaban da ya san haka ta faru da na gabanshi, in ya zauna teburin yarjejeniya wa zai fi jin tsoro, talakan da ya jefa mishi ƙuri'a ko mai ma'adinin? Nan fa dimokuraɗiyyar take mutuwa tun kafin a kai ga akwatin zaɓe.

Zancen tsaro kuma, a 2010 an sace ma'aikatan Areva a Arlit, a watan Mayun 2013 aka kai hari ma'aikatar SOMAÏR da barikin soja a Agadez rana guda, alhali tun farkon wannan shekara sojan Faransa na musamman sun zo gadin wuraren haƙar. Ka tambayi kanka makiyayi da manomin da ke nesa da ramin wa ya zo gadinsu. In dukiya ta taru wuri ɗaya bindiga ma can take taruwa, ta mai gadi da ta ɓarawo duka.

Kar ka ce zancen Faransawa ne kawai. Ga matatar mai ta SORAZ nan bakin ƙofarmu kan hanyar Tanout, an buɗe ta a 2011, ganga 20,000 a rana, CNPC na China na da kashi 60 ƙasa na da 40. Su ke haƙowa a Agadem, su suka shimfiɗa bututun da ya kai Benin, sannan a 2024 su ne suka ba gwamnati bashin dala miliyan 400 da za a biya da ɗanyen mai. Wanda shi ne mai haƙa, shi ne mai tacewa, shi ne kuma mai binka bashi, ta ina za ka ɗaga mishi murya? An dai gwada, a watan Maris 2025 an kori manyansu uku, SOMAÏR ma an maida ta hannun ƙasa cikin wannan shekara. Madalla, amma wlh in takardun yarjejeniyar suna nan a kulle cikin aljihun tebur to ubangida kawai muka canza.

Kuma wannan wayar da kake karanta ni da ita, Facebook da WhatsApp da Instagram duk na Meta ne, kamfani guda a Amurka. A watan Oktoban 2021 suka ɗauke wajen awa shida, masu saida kaya ta WhatsApp suka zauna jugum. Shi ke zaɓen labarin da zai fara zuwa idonka, kuma jita-jitar da ke haɗa faɗa ta fi gaskiya saurin yawo saboda ita ake dannawa, dannawar kuma ita ce kuɗinshi. Ba depite ɗaya a Yamai da zai iya kiran mai kamfanin ya zo ya yi bayani.

Aikin da ka ce suna kawowa, e suna kawowa, amma leƙa fada ko tashar kabu-kabu a Zengo ka ƙirga masu diploma da ke zaune.

Abin da nake nema ba shi da wuya. Kundin tsarin mulkin 2010 ya ce a wallafa yarjejeniyoyin ma'adinai da kuɗin da ke shiga baitulmali kamfani bayan kamfani, an jingine kundin a 2023 amma wannan ƙa'idar ya kamata a riƙe ta ko wa ke mulki. A wallafa, a bar 'yan jarida su yi tambaya ba tare da sun kwana a komisariya ba, kuma kar a sake ɗora haƙa da tacewa da bashi a hannu ɗaya.

A gaida mutanen gida.

Yayanka, daga Birni, Damagaram.